Ajiyar Ɗan Bida: Dukiyar Wa Ce, A Hannun Wa Za Ta Kwana?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai arzuta bayinSa a gida da daji. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka sani da riƙon amana tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, kowa a cikinmu ya san abin da ke faruwa a ƙasar Imanan da ta Kurfai idan an gama ɗaurin hatsi an sa a rumbu. Sahun masallaci yakan fara raguwa. Daga Bonkuku har Filinge, da sauran garuruwan da ke cikin Dallol Boso, samari da magidanta sukan kama hanyar Baleyara zuwa Yamai, daga can kowa ya nufi inda yake da ɗan uwa: wani Abijan, wani Kumasi ko Ankara, wani Lome ko Kwatano, wani Legas, wani kuma ya keta sahara zuwa Libiya ko Aljeriya. Kakanninmu sun yi wannan tafiya da ƙafa zuwa Kurmi, mu muna yin ta a mota. Wasu kan dawo da faɗuwar ruwan farko, wasu sai sun shekara biyar ko goma.

Muna yawan yi wa matafiyanmu wa'azi a kan tsare salla da gudun haram a wurin nema. Amma akwai mas'alar da ba mu cika taɓawa ba, alhali ta raba zumunci a gidaje da yawa: idan Allah Ya ba ɗan bida abin da ya wuce cinsa da kuɗin ɗakinsa, ina ya kamata ya ajiye shi? Mai sauraro zai iya cewa wannan maganar ƴan kasuwa ce da ma'aikatan banki. To, mu a ganinmu maganar masallaci ce, domin kuwa abin da ke aljihun ɗan bida ba nasa ne shi kaɗai ba. Akwai ciyar da matar da ya bari a ciki, akwai haƙƙin tsoffin da suka yi masa addu'a a bakin tasha, akwai bashin mai shago da ya ba iyalinsa hatsi a tsakiyar damana, akwai zakka, kuma in ajali ya zo akwai rabon magada. Mai riƙe da haƙƙin mutane da yawa haka ba shi da ikon ya ce duk inda ya ga dama nan zai jefa shi.

Abin da tarihi ya koya mana

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ba mu da bukatar wani ya fassara mana wannan karin magana, domin tsoffinmu sun ga fassararta da idonsu. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice. A watan Janairu na 1983 Najeriya ta yi irin haka. Wanda dukiyarsa take cikin kayan tebur ko a hannun masu bashi, ya sayar a wulaƙance ko ya tafi ya bari. A watan Afrilu na 1984 Najeriya ta canza launin takardun naira, ta rufe iyakokinta, ta ba da ƴan kwanaki na musanya. Waɗanda suka ɗauko tsofaffin takardu suka ɓoye a gida a wannan gefen iyaka, da yawansu sun wayi gari da takardun da ba sa sayen ko goro, a shekarar da fari ya hana mu hatsi. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubban ƴan Nijar, wasu da rigar jikinsu kawai. A shekarun nan ma ana kwaso mutane daga Aljeriya a sauke su kusa da Asamaka, ba a ba su damar komawa ɗaki su ɗauko abin da suka tara.

Kada wani ya ce to ashe banki ne mafita, magana ta ƙare. Bankin ma yana da nasa tarihin. A 1990 babban bankin raya ƙasa na BDRN ya durƙushe a nan Nijar, masu ajiya suka daɗe suna zirga-zirga. A watan Fabrairu na 2011, lokacin rikicin zaɓen Kodebuwa, manyan bankunan Abijan sun rufe ƙofa har tsawon makonni. A Gana an soke lasisin bankunan UT da Capital a 2017, a 2019 kuma aka soke na ƙananan gidajen bashi 347 a rana ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin da aka ɗora wa ƙasarmu ya sa mai kuɗi a banki yana bin layi don a ba shi kaɗan daga cikin nasa, har aka ɗage takunkumin a Fabrairu na 2024.

Kuɗin da kansa ma yakan rame yana kwance. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake saye da sefa 50 ya koma 100. A 2015 dalar Amurka ɗaya tana kusan naira 200, a 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya tara naira yana niyyar ya canza ta ranar komawa gida, ya ga guminsa na shekaru ya narke ba tare da ɓarawo ya shiga ɗakinsa ba. Wanda kuma ya ce shi a dabbobi zai zuba, kamar yadda muka gada, ya tuna farin 1973 da na 1984, ya kuma tuna garkunan da ƴan bindiga suka kora a arewacinmu a shekarun baya-bayan nan.

Abin da muke son a fahimta shi ne, babu ma'ajin da ba ya da ƙofar hasara. Saboda haka mai neman wurin da dukiya ba za ta taɓa salwanta ba yana neman abin da babu shi a duniya. Tambayar da ta dace da mumini ita ce: in abin ya faru, ko in ni ne na faɗi, wa zai iya kai hannu ga abin da ya saura, kuma da wace shaida?

Ajiya daban, rance daban

Malamanmu na fiƙihu sun bambanta abubuwa uku da mu muke cakuɗawa da sunan "na ba shi ya riƙe mini". Na farko ita ce ajiya, wadda suke kira wadi'a: ka ba mutum ya tsare maka, in ta ɓace ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa. Na biyu shi ne rance: ya juya kuɗin yadda ya so, ribar tasa ce, amma ko gobara ta cinye dole ya biya ka daidai abin da ya karɓa, ba ƙari. Na uku shi ne ƙiradi: kai da jari, shi da aiki, ku raba riba bisa kason da kuka yi sharaɗi tun farko, in an faɗi ba da ha'incinsa ba, hasarar kuɗi taka ce, shi kuma ya yi hasarar wahalarsa. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya wuce ta kan waɗannan babuka.

Sahabi Zubairu ɗan Awwamu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kasance idan an kawo masa ajiya yakan ƙi karɓarta da sunan ajiya, sai dai da sunan rance, don tsoron kada ta salwanta mai ita ya tashi a banza. Da ya rasu aka lissafa abin da ake bin sa ya kai miliyan 2 da dubu 200, ɗansa Abdullahi ya biya, kuma ya ƙi raba gado har sai da ya shekara huɗu yana shela a lokacin aikin hajji ko akwai sauran mai bi. Mu dubi wannan, sa'an nan mu dubi yadda muke yi. Yaro ya isa zango, ya miƙa wa maigidansa jika 300, ba a faɗi ko ajiya ce ko rance ko ƙiradi ba, ba mutum na uku, ba takarda. Maigida mutumin kirki ne, ba mu musa ba, kuma masu masauki a zangunan Kurmi sun riƙe amanar fatake shekaru aru-aru. Amma mutumin kirki ma yana mutuwa, kasuwarsa ma tana ƙonewa, kuma ƴaƴansa ba su san abin da ba a rubuta ba.

Shi kuwa banki, ko da yake muna kiran abin da muke kai masa ajiya, a shari'a rance ne, tun da yana juya kuɗin kuma ya lamunce biya. Haka majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Abu Dabi a 1995. Daga nan ne maganar kuɗin ruwa ta taso, domin ƙarin da aka sharɗanta a kan rance shi ne riba da aka hana. Wannan majalisa ta tabbatar da haka a Jidda tun 1985. Gaskiya ne wasu malaman Azhar sun saɓa a 2002, suna ganin mai ajiya kamar ya wakilta banki ne ya yi masa kasuwanci, amma mafi yawan malamai ba su bi su ba, mu ma a kan ra'ayin masu yawa muke. To, me ake gudu a kai? A ƙasashenmu masu sefa an daɗe ana ba mai littafin ajiya kashi 3 da rabi cikin 100 a shekara. Wato mai jika 500 zai sami jika 17 da rabi bayan wata goma sha biyu. Wannan bai kai mutum ya sa shakka a cikin tuwon ƴaƴansa saboda shi ba.

Hanyoyin kauce wa wannan suna nan. Akwai asusun da ba a ba da ruwa a kansa, wanda malamai suka halatta saboda bukatar tsaro. Akwai bankunan Musulunci: a Yamai akwai Bankin Musulunci na Nijar, wanda asalinsa ya koma 1983, a Najeriya Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, babban bankin BCEAO kuma ya fitar da ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci a 2018. Sai dai mai shiga asusun raba riba ya sani ƙiradi ya shiga, ya tambayi kasonsa, ya kuma san hasara tana yiwuwa. Wanda kuwa aka riga aka zuba masa ruwa a asusunsa, fatawar da ta fi yaɗuwa ita ce ya cire shi ya sa a wata maslahar jama'a ko ya ba mabukaci, ba da niyyar sadaka ba, da niyyar tsarkake dukiyarsa.

Inda muke tuntuɓe

A nan ne muke son jama'a su saurara da kyau. Da yawa daga cikinmu sun ji wa'azin riba, suka gudu daga banki, suka tura kuɗi cikin katifa ko suka danƙa wa aboki a ɓoye, suka ɗauka sun gama da Allah. Alhali gudun zunubi ɗaya ba ya halatta faɗawa cikin wani. Sau nawa muka zauna rabon gadon wanda ya shekara ashirin a Abijan, aka kawo jakarsa, aka sami tufafi da agogo da wayar salula, kowa ya san mamacin ba mai ɓarna ba ne, amma ba wanda ya san inda tarinsa yake? Sai zato ya shiga. Matarsa ta zargi ƙanensa da suka zauna ɗaki ɗaya, ƙanen ya zargi maigida, maigida ya rantse. Wataƙila dukkansu masu gaskiya ne. Marayu sun rasa dukiya, dangi sun rasa juna, kuma wanda ya jawo wannan yana kwance a kabari, mutum mai salla da azumi.

Wanda ya kai banki a ɓoye ma bai tsira ba. Dokar ƙasashen sefa ta tanadi cewa asusun da ya shekara 10 ba wanda ya taɓa shi ko ya tambaye shi, za a mayar da kuɗin ga BCEAO, in kuma aka cika shekara 30 ba mai nema, haƙƙin nema ya faɗi. Banki ba zai zo Imanan yana cigiyar magada gida gida ba. Haka kuɗin da ke cikin waya: layi yakan mutu, lambar sirri takan tafi da mai ita. Mafi haɗari duka shi ne wanda, don ba shi da takardu, ya buɗe asusu da sunan wani. A idon hukuma kuɗin na mai sunan ne. In ya mutu, magadansa ne za su ci, in ana bin sa bashi, da shi za a biya.

Mun san amsar da ɗan bida zai ba mu, kuma ba za mu raina ta ba. Zai ce: Malam, ba ka san halin gida ba. Ranar da aka ji ina da jika 500, a ranar za a tuna da auren wane da sunan wance da rufin ɗakin kawu, in na hana a ce na yi arziki na manta da asali, in na bayar in dawo bayan shekara goma ba ni da ko garma. Wannan magana gaskiya ce, kuma laifinta yana kanmu mu mazauna gida. Mun mayar da ɗan bida kamar rijiyar da ba a yi wa ƙasa. Muna buga masa waya a kan abin da ba lalura ba, ba mu tambayar ko ya ci, ko ɗaki nawa suke kwana a ciki. Mu ne muka koya masa ɓoyo. Shari'a ta wajabta masa ciyar da matarsa da ƙananan ƴaƴansa da iyayensa in matalauta ne. Abin da ya wuce wannan kyautatawa ce, ana yi masa godiya in ya yi, ba a tsine masa in ya kasa.

Amma ɓoye adadi daban yake da ɓoye hanya. Ba mu ce ka yi shela a dandali ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ita kanta hijira, Manzon Allah bai bar Makka ba sai da ya bar Sayyidina Ali a baya don ya mayar wa mutane ajiyarsu, mutanen da a lokacin suke neman ransa. In wanda ke gudun kisa bai manta da hanyar da amana za ta koma ga masu ita ba, mene ne uzurin wanda ke zaune lafiya a Trashbil ko Ajame? Wasu kuma suna ganin rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Takarda ba ta kusanto da ajali, rashinta ma ba ya nisanta shi.

Abin da muke ba da shawara

Saboda haka muna kira ga duk ɗanmu da ke waje ya auna ma'ajinsa da waɗannan tambayoyi kafin ya tambayi abin da zai ƙaru.

Da sunan wa? Ya zama da sunanka na gaskiya, wanda ke kan katin shaidarka, daidai da yadda aka rubuta a takardun ƴaƴanka. Wanda ba shi da takarda ya nemi katin ofishin jakadancinmu na ƙasar da yake. Wahalar kwana biyu ce.

Da wane kuɗi? Wanda zai kashe dukiyarsa a Filinge, ya fi masa ya tara ta da sefa. Mazauna Abijan da Lome da Kwatano kuɗinmu ɗaya da su. Mazauna Najeriya da Gana da Libiya da Aljeriya kuwa, ya kamata su riƙa turo abin da ya taru lokaci lokaci ta gidajen aika kuɗi da hukuma ta sani, irin su Nita da Al Izza da Amana, su riƙe takardar shaidar aikawa, kada su jira ranar komawa.

Wa ya tsaya masa? A tambaya ko gidan yana da izinin babban banki. Ƙasashen sefa sun kafa asusun lamunin masu ajiya a 2014, iyakar da aka fara sawa kuma ita ce miliyan 1 da jika 400 ga mai ajiya a banki, jika 300 ga mai ajiya a ƙananan asusai. A Najeriya hukumar NDIC ta ɗaga tata iyakar zuwa naira miliyan 5 a 2024. Abin da ya haura iyaka ba shi da wannan lamuni, don haka mai yawa ya rarraba. Duk wanda kuma ya yi maka alkawarin ninka kuɗi cikin wata uku, ka tuna kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Wa ya sani? Wannan ita ce babbar tambaya. Ka rubuta sunan wurin da lambar asusun, da abin da kake bi da abin da ake bin ka, da ajami ko da boko. Ka sa mutum biyu adilai su shaida, ɗaya a inda kake, ɗaya a gida. In kana tsoron baki, ka rufe takardar ka ba liman ko wani dattijo, da sharaɗin ba za a buɗe ba sai an ji rasuwarka ko an daɗe ba labarinka. Ka sabunta ta duk shekara, a watan da kake fitar da zakka, domin kuɗin da kake iya ɗauka duk lokacin da ka so yana kamar na hannunka ne: in ya kai nisabi, wato kimar zinariya giram 85, ya kuma shekara, kashi 2 da rabi cikin 100 na mabukata ne. Mai lissafin zakka dole ya san abin da ya mallaka, wanda ya sani kuma rubutawa ba za ta yi masa wuya ba.

Kada kuma a manta da matar gida. Ita ce ke riƙe da yara daga kaka har damana. Bai dace ba a ce tana cin bashin tiya ɗaya ta hatsi alhali mijinta yana da ajiyar da sai ta bi ta hannun mutum uku kafin ta samu. A ware mata abin ciyarwa a inda hannunta zai kai, a ware guzurin komawa gida wanda ba a taɓawa ko da wace irin waya aka bugo, sauran shi ne jari.

Mu kuma limamai da dattawa, in aka ba mu irin wannan takarda, to mun shiga cikin amanar. Ba ma buɗewa, ba ma tsegumi da ita a majalisa, ba ma zuwa neman rance wurin mai ita don mun san yana da shi. Mu ma mu gaya wa wani amintacce inda muka ajiye ta, domin mu ma matafiya ne.

Allah Ya tsare mana ƴaƴanmu a duk inda suke nema, Ya sa albarka a guminsu, Ya dawo da su gida da imani da lafiya. Waɗanda ƙasar wasu ta rufe, Allah Ya jiƙansu, Ya bayyana wa marayunsu haƙƙinsu. Allah Ya ba mu damana mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.